Fasinjan da Ba Ya Biyan Kuɗin Mota

Zuwa ga Angona,

Kafin gaisuwa, riƙe wannan ka canka min. Wane fasinja ne ba ya biyan kuɗin mota, ba shi da kujera, ba shi da jaka, amma in ya ce a tsaya, direba komai taurin kansa sai ya taka birki? Kada ka yi gaggawa. Na san kan nan naka, tsohuwar mota ce, sai an tura take tashi.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya aiki, yaya shagon taya, yaya maigidan naka mai ƙaton ciki? Ina fatan kana lafiya kamar yadda nake nan garau. Ban mutu ba, don haka ka daina lissafin gadon akwatina. Gwiwa ce kawai ke ɗan yi min tsegumi in hadari ya haɗo.

Tayoyi biyun da ka aiko wa ubanka sun iso, Allah ya yi albarka. Uwarka ta yi ta shafa su kamar an kawo mata jika. Manajan kamfaninsu ya karɓa hannu bibbiyu, banza ta faɗi, aka ɗaura wa motar a gaba. Ni kuwa dariya na yi har haƙorin da ya rage min ya nemi ficewa. Wato kai ma labari ya iske ka cewa taya ce ke sa ubanka makara kullum, ka kwashi guminka ka aiko. Kaico, miji ba wayo.

Bari in tuna maka waye ubanka, tunda ka kwana biyu ba ka gida. Ka san sunan da 'yan tasha suka laƙaba masa, Sai-Tasha. Ba a banza ba. Tun da aka ba shi babbar bas ɗin nan mai dogon zango bai taɓa tsayawa wani ya kama ruwa a hanya ba. Mai ciki ta roƙe shi, sai tasha. Tsoho ya ɗaga hannu yana matse ƙafafu, sai tasha. Da wannan yake cika baki a teburin mai shayi, wai shi agogo ne, manaja ma da shigowarsa yake saita nasa. Ni kaina, ni da na haife shi, shekarar da na je duba ƙanwata na taɓa masa kafaɗa na ce, ɗan nan, a taimaka. Ko waiwaye bai yi ba. Ya ce, "Tsohuwa, in na tsaya miki yau, gobe kowa uwata ne. Sai tasha." Yadda na isa tashar nan, daga ni sai Allah sai zanina muka sani.

To wannan Sai-Tasha ɗin ne yanzu ba ya wuce bishiya mai kauri bai tsaya ba. Wai duba taya. Ya sauko da guntun ƙarfensa, ya ƙwanƙwasa ta gaba, ya ƙwanƙwasa ta baya, sannan ya zagaya ya ɓace. Matar mai wanki maƙwabciyarmu ta shiga motarsa kwanaki, ita ta kawo min labari da ɗuminsa. Ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin tayar da ake dubawa a cikin ciyawa ba, a kuma dawo ana gyara wando.

A gida ma ba sai an gaya min ba. Ɗakina ne a jikin banɗaki, ka kuma san kukan ƙofar nan. Da can sai da asuba take magana, yanzu kwana take tana waƙa. Ruwa kuwa yana ɗirka kamar raƙumin da ya dawo daga tafiya. Ci yake kamar gara, amma wando ya yi masa yawa, har ya huda wa bel sabon rami. Na tambayi uwarka, ta sunkuyar da kai wai zafin gari ne. Uwarka ai in mijinta ya ce rana ta fito da tsakar dare, shanya za ta fita yi.

Fitsari ne ya sa ubanka a gaba, Angona, ba taya ba. Manaja ya riga ya kira shi ofis, ya ce in makarar nan ta ci gaba zai karɓi makulli. Ka kuma san ubanka, in ka cire makullin nan babu abin da ya rage sai hula da tsawa.

Takarda na zaɓa don in na yi waya har maƙwabta ke ji, tunda kunnena sai an ɗaga murya. Ka gai da maigidanka. Ka ci abinci, kada ka dawo min kamar sandar rake da aka tsotse.

Taka har abada,
Amaryarka da ta ƙi tsufa.

*

Zuwa ga Angona,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya gajiya, yaya zafin garinku? Mu nan sai godiya. Ƙanwarka tana gaishe ka, uwarka ma haka, da bakinta da ba ya faɗin gaskiya sai an matse.

Amsarka ta iso. Ɗan sanda! Na cika maka takarda gaba da baya da labari, ka karanta, ka yi tunani, ka ce ɗan sanda. Shi ɗan sanda a cikin motar yake? Lallai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sake lale.

Na tare ubanka ranar hutunsa, yana zaune a tsakar gida yana goge takalmi. Na ce masa ya je asibiti. Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. Wai lafiyarsa ƙalau, asibiti wurin mata ne da masu jiran mutuwa, kuma da ya taka ƙofarsu magana za ta kai ofis a ce direba ba shi da lafiya. Yana cikin wannan jawabi ya ajiye burushi ya nufi banɗaki da sauri. Na ce masa a gaishe da tayar.

Yanzu saurari hikimar ubanka, ka adana ta don 'ya'yanka. Ya zauna ya yi nazari irin na masu ilimi, ya gano cewa abin da ke fita ruwa ne, saboda haka in bai zuba ruwa ba babu abin da zai fita. Wai tanki ne, in ba a sa mai ba, ba ya yoyo. Shi ke nan ya yi wa ruwa saki uku. Amma ƙishirwa ba ta san saki ba. Sai ya koma lemon kwalba, wai shi lemo ba ruwa ba ne, abinci ne. Ƙarƙashin kujerarsa a mota kwalabe ne ke kaɗa ganga. Da safe kuma ya sa mai shayi ya haɗa masa mai kauri, irin wanda cokali ke tsayawa a ciki.

Bai tsaya nan ba. Ka tuna mutumin nan na bakin tasha, mai lasifika a kan tsohuwar mota, mai hotunan 'yan hanji? Wanda kwalba ɗaya tasa ke maganin basir, da sanƙo, da rashin haihuwa, da baƙin jinin kasuwa? Wurinsa ubanka ya kai kansa, da magariba, yana rufe fuska da hula kamar ɓarawon akuya. Shi kuwa ko taɓa shi bai yi ba ya ce sanyin mara ne, ya ba shi wani baƙin ruwa ya ce a riƙa sha da zuma cokali cike, safe da yamma. Mutumin da shi kansa sanƙonsa ke haska hanya! In da maganinsa na aiki ai da ya fara da kansa.

Sakamako? Da can bishiya mai kauri yake nema, yanzu ko turken waya ya samu ya gode. Leɓensa ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Ya yi tuntuɓe da dutse tun kafin tayoyinka su zo, har yau ɗan yatsan bai warke ba, yana ɓoye shi cikin safa. Jiya kuma na gan shi yana nisanta waya daga fuskarsa, yana matso da ita, yana murza ido, ƙarshe ya miƙa wa ƙanwarka wai ta karanta masa, rubutun ne ƙanana.

A nan dariyata ta tsaya, Angona. Na taɓa saukar wannan baƙon a gidana. Ba ka san kakanka ba sai a hoto, wanda yake tsaye da ƙafafunsa biyu. Haka ya fara, da yawon bayan gida da ƙishirwa da cika baki. Sai ido ya tafi. Sai aka yanke ƙafa. Shi ma masu kwalba ne suka cinye shi kafin likita ya gan shi. Shi dai kakanka tela ne, in idonsa ya ɓata riga ce ke karkacewa. Ubanka kuwa 'ya'yan mutane yake ɗauka cike da mota.

Ba zan kira sunan ciwon ba. Ba ni zan raɗa wa ciwon ɗana suna da bakina ba, sai mai ilimin abin ya faɗa. Na ji ka yi masa waya ya ce maka ka kula da tayoyinka ya kula da motarsa. Ka yi ƙoƙari. Ni na sa ƙanwarka ta kama min kujera a motarsa, wadda ke bayan direba daidai. Na ce ƙanwata zan je dubawa.

Ka yi min addu'a, ka kuma daina aiko amsar sakarkaru.

Taka,
Tsohuwar da kake jiran akwatinta.

*

Zuwa ga Angona,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, da fatan aiki na tafiya daidai. Ni lafiya lau, sai dai gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa, kowa na bi na da harara. Ko a jikina.

Ka ce amsar fitsari ce. To, an fara samun hayaƙi a injin. Ka kusa, amma ba shi ba ne. Fitsari ɗan aike ne kawai, shi ake turowa ya taɓa kafaɗar direba. Wanda ya aiko shi nake tambaya.

Na shiga motar. Ubanka ya gan ni a bayansa, fuskarsa ta yi kamar ya tauna maɗaci. Muka fita gari lafiya. Ba mu yi nisa ba na ga ya fara mutsu-mutsu a kujera, ya rage gudu, ya gyara murya ya ce jama'a a yi haƙuri zai duba taya. Na ɗaga murya yadda na baya za su ji, na ce wace taya kuma? Sababbi ne fil, jikana ya aiko su, ko ƙura ba su gama sha ba. Sai tasha!

Wayyo, da kana nan. Ashe motar cike take da waɗanda ya taɓa gasawa. Wani dattijo mai buhun albasa ya ce, "Gaskiyarki, Iya, ni ma haka ya ce min bara. Sai tasha!" Mata suka ɗauka, har da tafi. Ubanka ya ciji leɓe ya ƙara wuta. Ina kallon ƙeyarsa tana tsiyayar gumi, gwiwarsa na rawa kamar ta mai keken ɗinki. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi har cikin ƙashina. Ramuwar gayya ai ta fi ta gayya zafi.

Sai na lura da hannunsa. Ya ɗauki tsumma ya goge gilashin gaba. Can ya sake gogewa. Ya sake. Angona, gilashin nan tas yake, ni da tsohon idona ina hango har shanun da ke kiwo a nesa. Hazon ba a gilashi yake ba.

Ban gama wannan tunani ba na ga farin layin tsakiyar titi ya koma ta ɗaya gefen namu. Ga tirela ta taho tana kuka, tana walƙiya da fitilu, shi kuwa ubanka yana ta goge gilashi. Na kai masa duka a kafaɗa da duk ƙarfin da ya rage min. Ya fizge sitiyari. Iskar tirelar ta girgiza mu, madubin gefe ya tafi da ita, albasa ta watse, salati ya kaure. Ba wanda ya sake cewa sai tasha. Ni da bakina na ce, tsaya, ɗan nan.

Ya tsaya. Wannan karon ko guntun ƙarfen bai ɗauka ba, ya dira ya faɗa ciyawa yana tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Injin na kunne. Na miƙa hannu na murɗa makulli na zare, ai ba banza nake uwar direba ba. Na jefa shi cikin rigata, inda ba hannun da ya isa ya shiga tun rasuwar kakanka.

Da ya dawo ya lalubi wurin makulli ya ji wayam. Ya roƙa, ya yi tsawa, ya sake roƙo. Wasu fasinjoji suka taso min, wai suna sauri, wani ɗan gaye mai jakar ofis har yana ce min tsohuwar banza. Na ce masa duk namijin da ya haifu ya zo ya ɗauka. Wata mai goyo da ke gefen da tirelar ta shafa ta miƙe ta ce duk wanda ya taɓa ni sai ya fara taɓa ta. Dattijon albasa ya kira lambar ofis da ke rubuce a jikin motar. Muka zauna a rana muna gasuwa har aka turo wani direba.

Ubanka ya tsuguna a inuwar motar, ya ce min a hankali, "Tsohuwa, kin kashe ni." Na ce gara ka mutu a bakin 'yan tasha da ka mutu a ƙarƙashin tirela da 'ya'yan mutane. Na miƙa masa gorar ruwana. Ya dube ta ya dube ni, sannan ya shanye tas har yana matse ta.

Manaja ya karɓi makulli. Ya ce ba zai sake gani ba sai da takardar likita. Ubanka ba ya min magana, uwarka na kuka wai na tona musu asiri, kamar akwai wanda bai san asirin da kowace bishiya a hanya ta sha ba. Gobe asibiti, ko da a kafaɗa zan ɗauke shi.

Ka gai da kowa.

Taka,
Ɓarauniyar makulli.

*

Zuwa ga Angona,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya lafiya, yaya haƙuri da shiruna? Na ga takardunka, ban samu zama ba ne, jinya ta riƙe ni. Yanzu kam alhamdu lillahi.

Mun je asibitin. Likitar mace ce, 'yar firit, da kaɗan ta girmi ƙanwarka. Ubanka ya fara yi mata bayanin tanki da mai. Ta bar shi ya gama, ta miƙa masa 'yar kwalba ta nuna masa ƙofa. Karo na farko ke nan da abin nan nasa ya yi wa wani amfani ban da ciyawa.

Ni na tsare ta da tambaya, ka san ni. Ta ce yawan fitsari ba shi ne ciwon ba, ƙararrawa ce, sai an duba waye ke kaɗa ta. Wani mutum, ƙwayar cuta ce ta shiga masa mafitsara, shi wannan da zafi yake fita. Namiji in ya manyanta kuma akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin mafitsara da kan kumbura ta matse hanya, sai ya yi ta zarya yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Wannan ma an duba wa ubanka, wani likita namiji ya shiga da shi bayan labule, ya fito yana kallon silin, har yau bai faɗi abin da ya faru ba. Ta ce wani ma maganin hawan jini ne ke sa shi, wani yawan shayi, mai ciki kuwa ba sai an tambaya ba. Duk kwalba ɗaya mai lasifika ke ba su, Allah ya isa.

Aka huda masa ɗan yatsa aka ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Likita ta duba, ta cire tabarau, ta tambaye shi da gaske shi ya tuƙo mota a haka? A ranar suka ba shi gado. Ta ce jininsa ne ya cika da abin da ya fi ƙarfinsa, ƙoda na ta fama ta fitar, in zai fita kuma sai ya ja ruwan jiki ya tafi da shi, shi ya sa ƙishirwa. Da ya daina shan ruwa ya koma lemo da zuma, wuta ce ya gani ya ɗebo fetur. Ta ce saura ƙiris ya sume, ko da ba tirela.

Ka so ka ga mutumin da ya saki ruwa saki uku a kwance, an rataya masa shi jaka-jaka a bisa kai yana shiga ta hannu. Na zauna gefensa ina tambayarsa ko an mayar da aure.

Allura suka fara yi masa, da abin ya sauka suka mayar da shi kan ƙwaya, kullum, ba fashi. An wanke yatsan an ɗaure, ya kama warkewa. An hana shi lemo da shayinsa mai tsayar da cokali, an rage masa tulin abincin da yake ci, an ƙara ganye, an ce ya riƙa tafiya da ƙafa, ya sha ruwa duk sa'ad da ya ji ƙishi, ya kuma riƙa komawa awo. Idon ta ce kada ya yi saurin sayen tabarau, hazon zai washe in jini ya daidaita. Haka kuwa aka yi, likitan ido ya leƙa har ciki ya ce an zo da sauran dama. Kakanka bai samu wannan kalmar ba.

Kafin takardar likita ta fito manaja ya ce ba zai zauna a banza ba. Ka san aikin da ya ba shi a gareji? Duba taya. Wallahi. Makonni ya yi yana zagaya motocin mutane da guntun ƙarfensa yana ƙwanƙwasawa, 'yan tasha na gaishe shi da aiki. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Shekaranjiya aka mayar masa da makulli. Ba dogon zango ba, gajeriyar hanya, ya je ya dawo ya kwana gida. Matar mai wanki ta shiga don gulma, ta ce jarkar ruwa ce yanzu a inda kwalabe suke, kuma da suka kai rabin hanya ya faka da kansa, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, ko akwai mai uzuri? Rabin motar suka sauka, har da waɗanda ba sa jin komai, don dai su ga abin da idonsu.

Bai ce min na gode ba, ban kuma sa rai ba, ɗan ubansa ne. Sai dai jiya na same shi tsugune yana ɗiga wa ƙofar banɗaki mai. Na ce masa ya makara, ai ta daina waƙa da kanta.

Kai kuma, ango mai son alewa, likita ta ce abin yana bin jini. In ka samu hutu ka je a huda maka yatsa, kada ka jira sai ka fara duba taya. Ba ni da ƙarfin sace makulli na biyu.

Amsarka tana ƙasan takarda, kamar nama a ƙasan kwano.

Taka har abada,
Amaryarka, uwar Sai-Tasha mai ritaya.

Fasinjan nan suga ne. Shi ya tafi da kakanka, yana cikin jinin ubanka, kuma ba ya sauka a kowace tasha. Sai dai a hana shi zama gaba.